Uwar Garin Harrowfield

Saura wata biyu garin Harrowfield ya cika shekara ɗari uku da kafuwa, amma Mis Lavinia Ockley ta riga ta sayi hular da za ta sa ranar biki. Shekarunta sittin da takwas. Rabin garin ita ta koya musu karatu, sauran rabin kuma tsoronta kawai suke ji.

Kwamitin biki ya yanke shawarar kafa allon tagulla a filin tsakiyar gari, inda mutanen farko suke kiwo tare. Sunan mace ɗaya za a rubuta a kai, a kira ta Uwar Gari. Lavinia ba ta ga abin shawara a nan ba. Ai kakarta Dorcas ce.

Hujjarta tana cikin littafin Jabez Ockley, kakan kakanninta, wanda ya tsallako teku daga Ingila a 1639, ya sare dajin wurin da gatarinsa. Jabez ba mai yawan magana ba ne. Ranar da gidansa ya ƙone ma layi ɗaya ya rubuta. Amma in aka zo kan Dorcas, sai alƙalaminsa ya saki jiki.

"Dorcas ta ƙi cin abinci a jirgi kwana uku. Na zauna kusa da ita a ƙasa, ina lallashi."

"Dorcas ta haihu. Mace ce, mun gode wa Ubangiji."

Haihuwa tara cikin shekara goma sha ɗaya, duk da bazara. A hunturun da yunwa ta kwantar da iyaye mata, nonon Dorcas ne ya raya jarirai biyar na maƙwabta. Wata Lahadi kuma an gurfanar da Jabez gaban dattawan coci, don an ga Dorcas tana yawo a gonar fasto lokacin wa'azi. Lavinia ta fi son wannan shafin. Tana cewa daga nan matan gidan Ockley suka gaji taurin kai. Idanunta ma, manya masu sanyi, ta rantse na Dorcas ne, domin kuwa haka Jabez ya siffanta na Dorcas.

Akwai wata Mehitabel da ta fito sau biyu a littafin, duka biyun tana mita. Lavinia ta rubuta "mai aiki" a gefen sunanta, ta wuce.

Matsalar ɗaya ce, sunanta Orpha Thaxter. Tun suna 'yan shekara bakwai a benci ɗaya suke jayayya, kuma Orpha tana da tata kakar, Keziah, mai kabari da dutse da komai.

"Vinnie, ina kabarin kakar taki?" in ji Orpha ga Lavinia a taron kwamiti, tana yanka kek ɗin tuffa. "Ko da ranta ta hau sama?"

"Talakawa ne suke buƙatar dutse kafin a tuna da su," in ji Lavinia.

Maganar ta yi daɗi a baki, amma ta kwana tana cin ta a rai. Dorcas ba ta cikin makabarta, ba ta cikin jerin 'yan coci. Shekara ashirin Lavinia ta yi tana zana bishiyar dangi da Dorcas a gindi, ta buga ta kwafi ɗari biyu, ta aika wa 'yan uwa har can jihar Ohio. In aka rubuta Keziah a allon nan, ba ta san da wace fuska za ta ratsa filin ba.

Kwamiti ya ce a kawo sunan Dorcas daga littattafan gari, ko da layi ɗaya ne. Aikin ya faɗa kan Mista Pell, magatakarda, wanda Lavinia ta taɓa tsayar da shi a lungun aji saboda ya zubar da tawada. Sati uku ya yi a ɗakin ajiya yana atishawa.

Ranar taro ya shigo da littattafai biyu a hammata, fuskarsa kamar wanda ya sha tsamiya.

"Malama, na same ta. Amma da za mu ɗan koma gefe..."

"Gefe? Karanta a nan, Pell. Ka ɗaga murya, Orpha ba ta ji sosai."

Ya buɗe na farkon. Littafin aure ne. Jabez Ockley ya auri Mehitabel Crane, kuma ita ta haifa masa dukan 'ya'yansa shida.

Orpha ta ajiye cokalinta a hankali, daɗi ya kusa kashe ta.

"To Dorcas fa? Ashe Jabez ɗin naku ɗan duniya ne."

Kunnuwan Lavinia suka yi ja, amma ba ta sunkuya ba. Ko ma wace ce, ta ce, matar da ta shayar da garin nan ta cancanci allo, kuma jinin Dorcas yana jikinta, duk mai ido ya gani.

"Ci gaba."

Mista Pell ya buɗe na biyun, wani siriri mai warin ƙura, wanda kowane magidanci yake zuwa ya rubuta shaidar abin da ya saki a filin gari, don kada a yi rikici da yamma. Ya gyara tabarau, ya karanta ba tare da ya ɗago kai ba.

"Dorcas, ta Jabez Ockley. Ja ce mai farin goshi, an tsaga mata kunnen hagu, ƙahonta na dama a karye."