Makullin Ɗakin Inji

Rele, na'urar kariyar lantarki, ya sake yanke wuta, injin foraj mai jawo ruwa daga ƙasa ya yi shiru, ruwa ya ɗauke. A gindin shato, dogon tankin ruwan gari, amalanken jakai sun yi layi da bidojin ɗibar ruwa wayam, rana kuwa ta take tsaka.

Shugaban kwamitin ruwa ya leƙo ɗakin inji, ya ce wa matar da ke kula da shi, "Malama, ki cire abin nan, ki haɗa waya kai tsaye. Rabin garin Maijirgi ba su ɗora tukunya ba tun safe."

"Alhaji, rele ba ya yanke wuta haka kawai," in ji ta. "Sai ya ji matsala. Ba zan toshe masa baki ba, sai na ga abin da ya ji."

"In ya fi ƙarfinki, mu kira wani daga Tasawa."

"Ku kira. Kafin ya iso, makulli yana hannuna."

Ta kashe babban makunni, ta kulle ƙofa, ta bi hanyar waya a hankali, mata suna gunaguni a bayanta. Kusa da shato ta durƙusa ta tona rairayi. Ɓeraye sun gaigaye robar wayar, jan ƙarfenta tsirara yana manne da bututun ruwa.

Alhaji, da ya biyo bayanta, ya bi bututun da ido. Can ƙarshensa jikarsa ce tsaye cikin caɓi, ba takalmi, ta kafa baki a ƙarfen famfo tana jiran ruwa ya dawo.