Limancin Jabir

Ruwan Jos ya tsuge tun la'asar, ya hana kowa fita masallaci. Da aka kira magariba, Baba ya leƙo zaure, inda Zulaihatu ke zance da Jabir, wanda aka sa musu rana.

"Kawo wa Malam Jabir buta. Yau shi zai ja mu salla, in ji ƙira'ar surukina."

Ta kawo butar, amma ta ƙi sakinta. Sati uku ke nan da ya gaya mata sirrinsa: tun yana jami'a imani ya fita daga zuciyarsa, hadda ce kawai ta rage a baki.

"Zulai," ya ce ƙasa-ƙasa, idonsa a kan tabarma. "In na bi liman, kaina kaɗai nake cuta. In na shiga gaba kuwa, sallar mahaifinki zan ɓata. Bari in gaya masa gaskiya."

"Ka gaya masa, yau a mayar maka da kayanka. Gobe duk Titin Bauchi an ji, kuma ka san abin da zai biyo baya."

"To, me kike so in yi?"

Ta dube shi, sai ta sakar masa butar.

Daga ɗaki ta ji muryarsa tana tashi da Fatiha, mai daɗi, babu gargada. Baba da kawunta suka amsa amin da ƙarfi. Ita ma ta buɗe baki, amin ɗin ya ƙi fitowa.