Yatsan Saude

Shekara tara Malam Sabitu yana fama da jinkirin kawowa a shimfiɗar aure, har likitoci suka dasa masa 'yar na'ura a ƙugu, mai tsikarar jijiya da lantarki. A doka, matar mutum ce ke saita ranar aikinta da yatsanta. Matarsa Saude ta zaɓi Alhamis.

Bayan sadakar arba'in ɗin Saude, ya koma asibiti.

"Likita, kashe min ita. Duk Alhamis sai ta sa ni wankan janaba, ni kaɗai a ɗaki."

Likita ya sunkuyar da kai. "Malam, sai yatsan da ya kunna ta ne zai iya kashe ta. In muka cire, ƙafafunka za su shanye."

Ranar Laraba ce. A hanyar gida Sabitu ya tsayar da ɗan garuwan da ya saba kawo musu jarka biyu duk Alhamis.

"Gobe ɗaya ta isa."