Daɓen Garejin Don Rutilio

Hermelinda ta durƙusa ta ɓare salatif ɗin da ya riƙe ledar a daɓen garejin. Tun jiya suka manna ta suka bar ta ta kwana, don haka ake gwada siminti kafin a zuba masa fenti. Ledar bakin ƙofa a bushe take. Ta kusurwar baya kuwa, inda simintin ya fi sauran duhu, cikinta ya yi gumi sharkaf.

"Yaya, riƙe ta da kyau mana," in ji ƙanenta Nicanor, da ƙarfi don mai gidan, Don Rutilio, ya ji. "Shekara da shekaru kina bina aiki, har yanzu kamar mai juya wainar tortilla a kasko?"

Ƙarya yake yi. Ba ta taɓa riƙe rolar fenti ba sai makon jiya, da ya koya mata a tsakar gidansu. A nan ya faɗa mata gaskiya: idan Don Rutilio ya gano ita ba ma'aikaciya ba ce, daga ita har shi babu mai fita ta get ɗin mutumin da ƙafarsa.

Don Rutilio yana tsaye a bakin garejin, malafa a ka, rigarsa ta ɗan tasa a ƙugu inda bindiga take. A wannan gefe na birnin Culiacán kowa ya san ba ya ajiya a banki. An ce a ƙasa yake binne abinsa, an kuma ga motar siminti ta shiga gidan kafin bikin Ista. Abin da ke ƙarƙashin daɓen nan shi ya kawo Hermelinda, kuma yau kaɗai gare ta.

Da Nicanor ya jera masa irin fentin da ake da su, mutumin ko kallon mai araha bai yi ba, wanda tayar mota mai zafi ke ɗayewa. Efoksi ya nuna, mai gwangwani biyu, wanda in an gauraya aka shimfiɗa yake daskarewa kamar gilas. Ya ce yana son daɓen da ko jikokinsa ba za su iya fasawa ba.

"Maigida, can baya akwai danshi," in ji Nicanor. "In muka zuba a haka, kafin damina ta wuce zai kumbura ya ɗaye. Sai an fasa an sake."

"Ba wanda zai fasa min komai."

"To bari mu huda mu ɗura maganin danshi, mu toshe. Ramin bai fi yatsa ba."

Don Rutilio ya juya. Hermelinda yake kallo. Ta ji gumi yana bin bayanta a ƙarƙashin rigar aikin da ta yi mata yawa.

"Iya, a ina na san fuskar nan?"

"Wataƙila a kasuwa, maigida. Mu tsofaffi ai duk kamarmu ɗaya."

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Ya ce rami ɗaya, kuma a gabansa.

Injin hudawa ya ci simintin har bakinsa ya faɗa ƙasa mai laushi. Mutumin bai motsa ba. Takalminsa na fatar jimina yana dab da gwiwar Hermelinda, har tana jin ƙanshin man da aka goga masa. Ta riƙe robar maganin da hannu biyu. A ranta tana ta jan addu'ar Maryamu, ta kai tsakiya ta manta, ta koma farko.

Sai Nicanor ya tayar da injin gurzar daɓe, bai ɗaura masa jakar tara ƙura ba. Nan take garejin ya turnuƙe fari fat. Don Rutilio ya fita yana tari, yana zagin uwar injin da ta mai shi.

"A gauraya fentin yanzu," ya faɗa daga waje. "Kafin in gama cin abinci ina son in ga fuskata a ƙasan nan."

Nicanor ya sauke ƙofar garejin zuwa rabi, ya zauna a bakinta da bokiti, ya juye gwangwanin biyu. Ya dubi yayarsa sau ɗaya. Ta san ma'anar kallon. Da zarar an gauraya ba a jira, bokitin da kansa yake ɗaukar zafi.

Ta kwance sandar rola, ta zaro siririn rodin da ta ɓoye a cikinta. Ta zura shi a ramin, ta danna da ƙirjinta, ta murza. Wannan kam ba Nicanor ya koya mata ba. Rodin ya shige salin-alin, ƙasar ba ta yi gardama ba ko kaɗan, kamar wadda ba a daɗe da haƙa ta ba.

Inuwar takalma biyu ta tsaya a ƙarƙashin ƙofar.

"Iya, me kike yi har yanzu?"

"Maganin nake ɗurawa, maigida. Yanzu zan toshe."

Inuwar ta daɗe a wurin kafin ta gusa.

Hermelinda ta zaro rodin a hankali. Ba ta goge bakinsa ba. Ta kai shi hancinta, yadda matan da suke fita daji tare duk Lahadi suka koya mata, kowacce da hoton ɗanta da ya ɓata a gaban riga. Ta san warin. Ta sha jin sa a kan gawarwakin 'ya'yan wasu. Ta kifa tafin hannunta a kan simintin, ta yi magana ƙasa-ƙasa da ɗanta, yaron da ya shigo gidan nan wankin motoci bai sake fitowa ba.

"Ulises, Mama ce. Na zo."