Farin Likkafani

Tun da aka daina saƙa auduga, yadi ya koma roba mai sheƙin fiffiken ƙwaro, ka karkata shi ya sauya launi. Ranar da Kande ta rasu, mijinta Malam Barau ya shiga kasuwa neman likkafani.

"Ga fari tas, Baba," in ji mai shago.

Tsohon ya karkata yadin dama, yadda ake kwantar da mamaci. Nan take ya koma jawur.

"Haka za ta tafi, kamar mai zuwa biki?"

"Ai kabari babu haske, Baba."

Ya dawo gida, ya ciro nasa na auduga da ya daɗe da ajiyewa, ya miƙa wa mai wankan gawa.

"Kai kuma fa, Malam?"

"In tawa ta zo, ku rufe idanunku."