Rabon Tsohuwar da Ba Ta da Ci

Duk sanda Ravindran ya tura takardar gaban Madam Teoh, sai ta maido masa da ita da ɗan yatsa ɗaya, kamar kwanon taliyar da gishiri ya yi wa yawa.

Wanda duk ya taɓa shan miyar kifi da taliya a kasuwar Air Itam ya san Madam Teoh Gaik Suan. A bakin tukunyar nan ta tsufa. Watan jiya ta sayar da rumfar, kuma tun ranar da kuɗin suka shiga banki 'ya'yanta suka tuna suna da uwa. Babbansu, Boon Hock, wanda bana ko ubansa bai samu sukunin zuwa dubawa ba, shi ya ɗauki hutun aiki ya kawo ta da motarsa, har da buɗe mata ƙofa.

Shi da Ravindran, mai ba da shawarar zuba jari a bankin, bakinsu ɗaya: hannun jarin kamfanonin fasaha. Ba sa raba riba, amma farashinsu hawa yake. A bar su su ninka, nan gaba a sayar. Ba wanda ya faɗi wa zai sayar ɗin. Ita dai ta dubi ɗanta ta ga amsa a goshinsa.

"Kaza mai ƙwai na zo saye, ba mai ƙiba ba," in ji ta.

Dole Ravindran ya fito da asusu uku masu raba riba. Na farko rabonsa mai tsoka ne, sai dai kamfanoni ƙalilan ya dogara da su. Ta ce ta ga masu rumfar da suka dogara da mai kawo kifi guda, ta kuma ga ranar da jirginsa ya lalace. Na biyu yana da manaja gwani mai zaɓen kamfanoni da kansa, ladansa kuma duk shekara sai an yanka. Ta tambaya ko gwanin nan ba ya tsufa ne. Ravindran ya gyara wuyan riga.

Na ukun ba shi da gwani. Jerin manyan kamfanoni kawai yake bi: bankuna, wutar lantarki, waya, manja. Wanda ya daina raba riba a cire shi, wani ya hau gurbinsa. Ladan kulawa kaɗan ne, rabon kuma matsakaici, sau biyu a shekara.

"Yaushe da yaushe?"

"Wajen Maris, Anti, sai kuma Yuli."

Ta ɗan yi lissafi da leɓe, ta gyaɗa kai. Boon Hock yana duban wayarsa.

Ya ɗago ne da ya ji sauran. Ribar ba asusunta za ta shiga ba. Ofishin ƙungiyar dangin mijinta za a riƙa aika wa, su kuma su yi wa wata tsohuwa hidima da ita. Uwar kuɗin kuwa lauya ya riga ya ɗaure ta tamau, ba mai sayarwa, ba mai gado.

"Mama, wace tsohuwa kuma?"

"Wata ce. Ka san fuskarta."

"Ba ta da 'ya'ya ne?"

"Uku. Kowa da motarsa."

"To su ɗauki nauyinta mana. Wane irin 'ya'yan banza ne waɗannan?"

"Ni ma abin da na ce ke nan."

Ravindran ya yi ƙoƙari ta hanyar ladabi. "Anti, rabon nan ba zai riƙe mutum ba. Haya fa? Magani fa?"

"Gidan nata ne, tuntuni aka biya. Gasasshiyar agwagwa, lemo, shayi mai kyau, da mai sare mata ciyawa. Ba ta da ci."

Nan Boon Hock ya fasa buɗe ƙofa ya koma buɗe baki. Ya ce an yi wa uwarsa wayo. Ya ce zai kira ƙannensa, zai kawo likita ya duba mata kai, zai kai lauyan ƙara. Ya ce gumin gidansu ne za a zuba wa bare. Madam Teoh ta tambaye shi wace rana ce ya yi gumin, don ita ba ta gan shi a bakin tukunya ba. Ta ari biron Ravindran ta sa hannu, a hankali, yadda take yanka albasa.

"In kin yi haka, ki nemi mai mayar da ke gida," in ji ɗan.

"Bas ta girme ka a hidimata."

Ba gida ta nufa ba. Ta sauka a gindin tudu, ta hau da lemarta tana hutawa a hanya, har inda mijinta yake kwance. Ciyawa ta sake kai gwiwa. A bikin share kaburbura na bana, ɗaya daga bukukuwa biyun da ake kai wa matattu abinci bayan Maris da bayan Yuli, ita kaɗai ta zo, da lauje da ciwon baya, 'ya'yan suka turo gaisuwa ta waya.

"Tsoho, an gama," ta ce. "Kai ma ka ci arziki, in ta ga dama ta sam maka cinya."

Dutsen mai faɗi ne, na mutum biyu. Sunansa na gefe ɗaya da ruwan zinariya. Ta sa gefen riga ta goge ɗaya gefen, inda aka bar rubutun da jan fenti kamar yadda ake bar wa mai rai da bai riga ya tare ba, har sunan tsohuwar ya fito sarai: Teoh Gaik Suan.