Kwas ɗin Riƙon Amana

Ondieki ya faɗo shagon Moraa ko gaisuwa babu, ya dangwara mata waya a kan tebur.

"Duba nan! An kayar da ni!"

Wata uku ke nan da ya yi rajistar wani kwas a intanet, Gaskiya da Riƙon Amana a Aikin Gwamnati. A ofishinsu na Kisii ba a ƙarin girma sai da takardar shaidar kwas ɗin. Shi kuwa ko sau ɗaya bai buɗe darasin ba. Moraa ya miƙa wa lambar sirrinsa, don sana'arta ke nan: yi wa manya karatu daga ɗan shagonta.

"Ba ke kika ce aikinki bai taɓa faɗuwa ba?"

"Aikin ba shi da laifi, yallaɓai."

"To malamin ne mugu. Yau ɗin nan zan kai ƙararsa!"

Moraa ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wane malami? Rabon Farfesa da kwas ɗin nan tun Janairu, yana can gonar shayinsa. Ni ya bar wa duba takardu."

Ondieki ya yi sororo. "Ke kika rubuta, ke kika duba, kuma kika kayar da ni?"

"Darasi na huɗu ya ce duk wanda aka rubuta wa jarrabawa a ba shi sifili." Ta tura masa wayarsa. "Wata uku ina karatun riƙon amana a madadinka, yallaɓai. Ni darasin ya kama."